Yadda ake sa ragowar laimar kwaɗi a abincin kajin nama

Duk mai kiwon buroila, wato kajin nama, a Gombe ya san inda kuɗinsa ke tafiya. Abinci kaɗai yana cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da ake kashewa daga ranar da 'yan tsaki suka iso har ranar sayarwa, shi ya sa da an ji labarin wani abu mai arha da kaji za su iya ci sai hankali ya koma kansa. Ragowar laimar kwaɗi da ake nomawa, wadda wasu ke kira naman kaza, tana cikin irin waɗannan abubuwa. Tana da amfani na gaske, sai dai amfanin a hanjin kaza da garkuwar jikinta yake, kuma a ɗan ƙaramin awo, kamar gram 250 a buhun kilo 25. Wanda ya ɗauke ta a matsayin madadin masara ko waken suya zai ga kajinsa suna ci suna ƙoshi amma sikeli ya ƙi motsi.

Ragowar iri biyu ce, kada a haɗa su

Na farko shi ne guntayen laimar kanta: gindin kara da ake yankewa kafin a sa ta a leda, da waɗanda suka kakkarye, da waɗanda suka girma suka yi tauri, da waɗanda kasuwa ta ƙi. Wannan shi ne mai daraja, kuma mafi yawan bayanin nan a kansa yake.

Na biyu shi ne tsohon makwanci, wato abin da ya rage a cikin ledar shuka bayan an girbi laima sau uku ko huɗu. Asalinsa garin katako ne, ko karan shinkafa, ko totuwar masara, ko ragowar auduga, an haɗa da 'yar dusa da farar ƙasa, sannan farin zaren laimar ya ratsa shi ko'ina. Shi ne mai yawa, domin kowane kilo 1 na ɗanyar laima yana barin kusan kilo 5 na tsohon makwanci, kuma mai gona yakan ba da shi kyauta don ya rabu da shi. Yawansa ne ke jan mutane. Amma mafi yawan jikinsa faiba ne, wato zaren tsiro mai tauri, kaza kuwa ba saniya ba ce, ba ta da tumbin da zai narkar da itace.

Irin laimar da aka fi nomawa a Najeriya ita ce oista, dangin Pleurotus, wadda ke fitowa a gefen leda dami-dami. Tana son danshin iska mai yawa, kashi 80 zuwa 90 cikin 100, da zafin da bai wuce digiri 30 sosai ba. A yanayin Gombe wannan yana nufin ta fi yin kyau da damina, wato daidai lokacin da shanya ta fi wuya. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Akwai wadda ba a kusantar makwancinta sam: farar laima mai kama da maɓalli, wadda ake nomawa a kan takin doki ko kashin kaji. Guntayen karanta suna da kyau idan an wanke ƙasar da ke jikinsu, amma takin da ta tsiro a kai ba abincin kaza ba ne. Haka nan laimar daji da ke fitowa da damina a gindin itatuwa da kan juji. A cikinta akwai mai ci, kamar wadda ke tsirowa a kan suri, akwai kuma mai guba, har da wata babbar fara da ƙarƙashin laimarta ke komawa kore-kore idan ta tsufa. Busarwa da niƙa ba sa kashe wannan guba, kuma da zarar ta zama gari babu wanda zai iya bambance ta. Ta gona kawai za ka yi aiki da ita.

Me take yi a jikin kaza

Ɗanyar laima kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ce. Idan ta bushe, furotin ɗin oista yakan kai kashi 20 zuwa 30, amma furotin ɗin kara bai kai na hular laimar ba, kuma karan ya fi hular faiba. A awon da ake sawa, wannan furotin ba abin lissafi ba ne: gram 250 na gari bai ƙara wa buhu abin da ya wuce gram 75 na furotin ba.

Abin da ake nema yana cikin bangon ƙwayoyin halittar laimar, musamman sinadarin beta-gulukan. Kaza ba ta narkar da shi a farkon hanji, sai ya wuce zuwa ƙarshen hanji inda bakteriya masu amfani ke cinsa su yawaita, su rage wa masu cutarwa wuri. Shi dai wannan sinadari yana zaburar da ƙwayoyin garkuwar da ke jikin bangon hanji. Akwai kuma sinadaran da ke kare tsoka daga lalacewa, waɗanda ke sa kitsen naman ya jinkirta yin ɗoyi bayan yanka. Gwaje-gwajen da aka yi da garin laima iri-iri a kan buroila sun fi taruwa tsakanin kashi 0.5 da kashi 2 cikin 100 na abinci. Abin da aka fi gani a cikinsu shi ne gyaruwar hanji da garkuwa. Ƙaruwar nauyi kuwa wani wuri an gan ta, wani wuri ba a gani ba, saboda haka duk wanda ya yi maka alkawarin ƙarin rabin kilo a kowace kaza, ciniki yake nema.

Wani abu da ake yawan faɗa shi ne laimar da aka shanya a rana tana tara bitamin D. Haka ne, amma irin wanda take tarawa D2 ne, kaji kuwa D3 suke iya amfani da shi sosai. Kada a rage firimis, wato haɗin bitamin da ma'adanai da ake sawa a abinci, saboda ita.

Tambayoyin da za ka yi wa mai gonar laima

Kafin ka karɓi ko leda ɗaya, ka zauna da mai gonar ka ji yadda yake aikinsa. Da me yake tsabtace makwancinsa, da tururi a duro ko da magani? Wasu suna jiƙa karan shinkafa a ruwan fomalin da maganin fumfuna irin kabendazim don su huta da sayen itace. Wanda ke yin haka, bar masa tsohon makwancinsa. Yana fesa maganin ƙwari a ɗakin don kashe 'yan ƙudajen da ke damun laima? Idan yana fesawa lokacin da laima ke tsaye, guntayen ma ba su da aminci. Daga ina garin katakonsa yake fitowa? Na wurin da ake yanka filawud, ko katakon da aka shafa wa maganin gara ko baƙin mai, bai halatta ga kaji ba. Ragowar auduga ma tana da nata: maganin feshin gona, da sinadarin gosifol da ke cikin angurya, wanda ke hana kaji girma.

Guntaye kuma ka karɓe su ranar da aka yanke su. A zafin garin nan, laimar da ta kwana a leda tana wayar gari da yauƙi da tsami. Mai kyau fara ce ko ruwan toka, da ɗan tauri a hannu, ƙamshinta kamar na ƙasar da ruwan fari ya daka. Wadda ta yi santsi, ko ta yi baƙi a baki, ko tsutsa ta shiga, a ware ta tafi ramin taki. A yanke ɗan ƙasan gindin da garin katako ya manne a jiki. Kada a jiƙa su a ruwa da sunan wanki, suna shan ruwa su ƙara wa shanya kwana. Gogewa da tsumma mai tsabta ya isa.

Shanya, inda aikin yake gyaruwa ko ya lalace

A yanka guntayen siriri, kaurin milimita 3 zuwa 5, ko a yayyaga su da hannu a tsaye tunda karan oista yana tsagewa cikin sauƙi. A baza su falle ɗaya a kan raga ko faifai da aka ɗora a kan wani abu mai tsayin ƙugu, yadda iska za ta bi ta ƙasa. Shanya a kan tamfol a ƙasa tana jawo matsala biyu. Ƙasan yankan ba ya bushewa, sannan kajin gida da tattabaru da ɓeraye suna hawa. Kashin tsuntsu ɗaya a kan shanya zai iya shigar maka da cutar Niyukasil ko murar tsuntsaye ɗakin da ka yi makonni kana tsarewa. A rufe da gidan sauro ko yadi mai shara-shara, a juya sau biyu ko uku a yini, a shigar ɗaki da yamma kafin raɓa.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kwana 2 zuwa 3 sun isa, sai dai a kula da ƙura. Da bazara ma haka, ko ƙasa da haka. Agusta ce ke da wuya. Idan yankan ya yi kwana biyu yana laushi ba rana, fumfuna ta riga ta kama shi ko ido bai gani ba. A irin wannan lokaci sai an nemi zafi: akwatin shanya mai rufin farar leda da ƙofofin iska sama da ƙasa, ko tanda da aka rage wa wuta, ko raga a saman garwashin gawayi mai nisa yadda hayaƙi da harshen wuta ba za su taɓa ba. Zafin da ake so digiri 50 zuwa 60 ne. Idan ya wuce haka sosai, yankan yana ƙonewa ta waje ya yi duhu alhali cikinsa da ruwa. Mafi sauƙi ga wanda ba shi da waɗannan shi ne ya tara garinsa da rani don zubin kajin farkon damina, ya haƙura da na tsakiyarta.

Ana so danshin ya sauka ƙasa da kashi 12 cikin 100. Ba kowa ke da na'urar aunawa ba, amma akwai hanyoyi uku. Ka karya yanki mafi kauri: idan ya yi ƙas ya karye, ya bushe, idan ya lanƙwashe, da saura. Ka auna shanyar da yamma, ka sake aunawa washegari bayan ta ƙara shan rana. In nauyin bai sauya ba, ruwa ya ƙare. Sannan ka ɗaure ɗan dunƙule a farar leda ka ajiye a rana na awa ɗaya. Idan gumi ya fito a jikin ledar, mayar da shi kan raga. Kilo 10 na ɗanye yakan ba da kusan kilo 1 busasshe. Idan ka samu kilo 2, kada ka yi murna, ruwa ne bai gama fita ba.

Dalilin wannan tsanani shi ne afalatoksin, gubar da wata fumfuna ke zubawa a abu mai danshi da ɗumi, irin wadda ke kama gyaɗa da masarar da aka adana ba su bushe ba. Tana lalata hantar kaza, ta karya garkuwarta har rigakafi ya ƙi aiki, ta tsayar da girma. Iyakar da aka saba sawa a abincin ƙananan kaji ita ce kashi 20 cikin biliyan, wato abin da ido ba zai taɓa gani ba. Dafawa ba ta kashe ta, sake shanyawa ma ba ta cire ta. Abin da ya riga ya yi fumfuna ya tashi daga abinci.

Niƙa da ajiya

Kaɗan ne, turmi da taɓarya sun wadatar. Mai yawa a kai injin niƙan busasshen hatsi, ba na markaɗe ba, a fara zuba ɗan mudun masara ya wanke injin. A tankaɗe da rariya mai ido kamar milimita 1 zuwa 2, a sake daka tsakin. Ba a so ya yi laushi kamar fulawa, domin irin wannan gari yana tashi ya shiga hancin kaji, kuma yana manne musu a baki idan sun sha ruwa.

Garin laima yana jan danshi daga iska. A zuba shi a leda mai kauri, a matse iska, a ɗaure, a sa a bokiti mai murfi, a ɗora a kan katako nesa da bango. A rubuta ranar niƙa a jiki. Da damina kada ya wuce wata ɗaya, da rani wata biyu. Idan ka buɗe ka ga ya dunƙule ko ƙamshinsa ya koma na rumbun da ya jiƙe, zubar. Wanda ke son ajiya mai tsawo ya adana busassun yankan, ya riƙa niƙa na mako biyu-biyu.

Awo

Da sikeli ake aunawa, ƙaramin sikelin kicin mai nuna gram. Gwangwani da cokali suna yaudara, tunda garin ba nauyi gare shi ba kuma cikar gwangwani tana sauyawa da laushin niƙa.

A makon farko kada a sa komai. Hanjin ɗan tsako bai gama ƙwari ba, abin da yake ci a yini kaɗan ne ƙwarai, kuma kowane gram ya kamata ya zama sitata tsantsa, wato abincin farko na 'yan tsaki, mai furotin kashi 22 zuwa 23. Daga kwana 8 zuwa 14 a sa kashi 0.5 cikin 100, wato gram 125 a buhun kilo 25. Daga kwana 15 har sayarwa a kai shi kashi 1, gram 250 a buhu. Kashi 2, gram 500 a buhu, shi ne iyaka, kuma ba mu ga dalilin kai wa can ba sai ga wanda ya riga ya gwada kashi 1 ya ga kajinsa sun karɓa. Kada a fara shi, ko a ƙara awonsa, ranar rigakafin cutar Gumboro ko Lasota (rigakafin Niyukasil) ko ranar da ake sauya sitata zuwa finisha, wato abincin ƙarshe kafin sayarwa. A bar tazarar kwana biyu, don in wani abu ya faru a san daga ina ya fito.

Ga lissafin da zai nuna maka ko kana da isasshen kaya. Kaji 100 suna cin kusan kilo 450 zuwa mako 6, buhu 18 ke nan. A kashi 1, garin da za ka buƙata bai wuce kilo 4 da rabi ba, wanda ke nufin ɗanyen guntaye kusan kilo 45. Ƙaramar gonar laima ba lallai ta tara wannan a wata ɗaya ba. Ka san abin da mai gonar zai iya ba ka kafin ka zuba kaji, don kada ka fara ka tsaya a tsakiya.

Haɗawa a mataki ake yi. Gram 250 da aka juye kai tsaye a buhu ba zai taɓa bazuwa daidai ba, wasu kaji za su ci ninki biyar wasu ba su samu ba. A fara cuɗa shi da kilo 1 na abinci a roba har launi ya zama ɗaya, a juye wannan a kilo 5 a sake cuɗawa, sannan a haɗa da sauran buhun a kan tamfol mai tsabta, a juya da shebur daga tsibi zuwa tsibi sau uku. Abinci mai gari ko mai tsaki-tsaki ya fi karɓarsa. Idan felet kake bayarwa, wato abinci mai ƙwaya-ƙwaya, garin zai zube ƙasan fida (mazubin abinci) kaji su tsince ƙwayoyin su bar shi. Maganin wannan shi ne a yayyafa man gyaɗa ko man waken suya mai kyau, kamar mililita 100 a buhu, a juya felet ɗin ya ɗan yi maiƙo, sannan a barbaɗa garin ya manne. Abincin da aka sa wa mai kada ya wuce kwana uku. Wanda ba mai, a haɗa na mako ɗaya kawai. Ruwa kuwa kada a taɓa yayyafa shi don garin ya kama.

Mai haɗa abincinsa da kansa ya fi samun sauƙi, domin zai cire garin daga kason dusa. A ce finisha ce ta kilo 100: masara 58, gasasshen waken suya 25, ƙuli-ƙuli marar gishiri 8, dusar alkama 5, garin ƙashi 2.5, farar ƙasa 0.5, gishiri 0.3, firimis 0.25, sai sinadaran gina jiki biyu, laisin 0.2 da metiyonin 0.25. Wannan yana ba da furotin kusan kashi 19 da kalori sama da 3,000 a kilo. Sai a mayar da dusar alkama 4, a sa garin laima 1, a cuɗa shi tare da firimis da gishiri tun farko. Masara da waken da za ka saya a kasuwar Tudun Hatsi su ma ka duba su da idon da ka duba laimar, ƙuli-ƙuli kuma fiye da haka, don shi ya fi kowa ɗaukar afalatoksin.

In lallai sai an yi amfani da tsohon makwanci

Ra'ayinmu shi ne na garin katako ya tafi gona, taki ne mai kyau bayan ya ruɓe. Laimar tana cinye wani ɓangare na taurin itacen, amma abin da ya rage ya fi ƙarfin hanjin buroila. Wanda za a iya gwadawa shi ne na karan shinkafa, irin wanda ake samu da yawa wajen Dadin Kowa, ko na totuwar masara, musamman idan an haɗa shi da dusa tun farko.

A zaɓi ledar da ta yi fari fat daga sama har ƙasa, ba a daɗe da girbin ƙarshe ba. A fasa ta biyu a duba ciki. Ɗigon kore, ko baƙi, ko ruwan lemo, ko wuri mai ruwa-ruwa da wari, duk sun isa a jefar da ledar gaba ɗaya. Yanke wurin da ya ɓaci a yi amfani da sauran ba ya wadatarwa, zaren fumfuna yana tafiya nesa da inda launinsa ya tsaya. Waɗanda suka tsira a marmashe su, a turara a duro na awa ɗaya zuwa biyu bayan tururi ya fara fita, don a kashe ƙwayoyin cuta da ƙwan ƙwari, sannan a shanya a niƙa kamar yadda aka bayyana. Ya fi guntaye riƙe ruwa, saboda haka a baza shi siriri ƙwarai.

Ba a ba kajin da ba su kai mako 3 ba. Bayan haka kashi 2 zuwa 3 cikin 100, a madadin dusa. Dalilin iyakar shi ne faibar abincin buroila ana so ta tsaya wajen kashi 5 ko ƙasa. Idan ka zuba kilo 3 na makwanci a kan abincin kamfani da aka riga aka daidaita, ka rage ƙarfin kowane kilo da kalori kusan 90, kuma sai ka sa mai kusan kilo 1 da rabi a kilo 100 kafin ka mayar da shi. Ka lissafa kuɗin wannan mai, sau da yawa a nan ribar ke ƙarewa. Sannan akwai farar ƙasar da mai gona ya sa a makwancin. Buroila na son kalsiyam ya zama kusan ninki biyu na fosfaras ɗin da jiki ke iya ɗauka, in kalsiyam ya yi yawa ƙashi ba ya ƙwari kuma girma yana ja baya. Mai haɗa nasa ya cire rabin kilon farar ƙasar da ke cikin haɗin. Da zafin Maris da Afrilu, lokacin da Gombe ke kai digiri 40 kaji suna haki suna rage ci, a dakatar da makwanci gaba ɗaya, domin ɗan abin da suke iya ci ya kamata ya zama mai ƙarfi. Garin guntaye a kashi 1 ana iya ci gaba da shi.

Raba kajin ka gani da idonka

Zubin farko na gwaji ne. A kwana na 8 a raba ɗakin biyu da waya, adadi ɗaya, fida da mazubin ruwa iri ɗaya, kada ɓangare ɗaya ya zama shi ke shan ranar yamma. Wajen rabawa a kama su yadda suka zo hannu, kada a tsinci manya a kai gefen gwaji. Ɓangare ɗaya abinci tsantsa, ɗayan mai gari. Kowane mako, rana ɗaya da safe kafin a zuba abinci, a auna aƙalla kaji 10 daga kowane gefe. A rubuta abincin da aka zuba, da wanda ya rage, da kowace kaza da ta mutu.

A ƙarshe a raba kilon abinci da kilon kaji. Idan kaji 50 sun ci kilo 210 kuma nauyinsu duka 115 ne, kowane kilo na kaza ya ci abinci kilo 1.83. Ɓangaren da lambarsa ta fi ƙanƙanta shi ya fi. Bambancin 0.02 ko 0.03 a kaji 50 ba komai ba ne, haka kawai ma yana iya faruwa. Idan ɓangaren gari ya fi da 0.1, ko mace-macensa sun ragu a zubi biyu a jere, to ka samu abin riƙewa. A haɗa da kuɗin mota, gawayi, niƙa da lokacin wanda ya yi shanyar.

Alamun da ke cewa a tsaya

Kashi mai ruwa da shimfiɗa mai danshi kwana biyu ko uku bayan an fara yawanci awo ne ya yi yawa, ko an tsallake matakin gram 125. A koma abinci tsantsa na kwana uku, a sake farawa da rabi. Shimfiɗar da ta jiƙe a kwashe ta, domin ita ke kawo warin da ke ƙona ido, da gyambon tafin ƙafa, da zawon jini. Kaji suna tone abinci suna zubarwa, ko fida tana kwana da gari a ƙasa, niƙan ya yi laushi da yawa ko garin ya fara sauya wari. Suna ci da yawa amma nauyi ya tsaya, faiba ce, kuma kusan kullum daga makwanci take. Ƙafa tana lanƙwashewa ko suna yawan zama a kan gwiwa, a duba kalsiyam da fosfaras.

Mafi hatsari shi ne ci ya ragu, gashi ya tashi, ƙafa da tukku su koɗe, girma ya bambanta ƙwarai a cikin garke ɗaya. A cire garin nan take, a ajiye samfurinsa da na abincin a leda, a kai wa likitan dabbobi kaza biyu ko uku da ba su daɗe da mutuwa ba ya buɗe su. Hanta mai kumburi, rawaya-rawaya, mai saurin farfashewa a hannu tana nuna gubar fumfuna, kuma zai iya zama daga masara ko ƙuli-ƙuli ta fito, shi ya sa ɓangaren da bai ci garin ba yake da amfani: in su ma suna da alamar, a binciki sauran kayan haɗin. Jini a kashi kuma yawanci koksidiya ce, wato cutar zawon jini, maganinta ake bayarwa a ranar bisa umarnin likita, garin laima ba ya warkar da ita, kamar yadda ba ya ɗauke ko ɗaya daga cikin rigakafin da kamfanin ƙyanƙyasa ya rubuta maka.